Wa Zai Sayi Makilin? Ziyara A Makarantun Kudancin Filifin

Mai zuwa tsibirin Camiguin daga birnin Cagayan de Oro, a arewacin Mindanao, sai ya bi bakin teku a mota har garin Balingoan, daga nan ya shiga jirgin fito zuwa tashar Benoni. Tsibirin, wanda mutanensa ke furtawa Kamigin, lardi ne mai zaman kansa a ƙasar Filifin, amma ɗan ƙarami: ƙananan hukumomi 5, jama'ar da ba ta cika dubu 100 ba, da titi guda mai tsawon kimanin kilomita 64 da ya zagaye shi. Tsakiyarsa duwatsu ne masu aman wuta, mafi suna a cikinsu Hibok-Hibok, wanda ya yi mummunar ɓarna a 1951. Yawancin baƙi ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ke kawo su, ko lansones, wasu 'ya'yan itace masu zaƙi da ake yi wa biki kowane watan Oktoba. Ni kuwa haƙoran 'yan firamare na je gani.

A 2006 ma'aikatar ilimin ƙasar ta sa aka duba bakin 'yan makaranta a duk faɗin Filifin, aka ga abin da ya tayar da hankali. Cikin yara 100 'yan shekara 6, guda 97 na da ruɓaɓɓen haƙori, kuma idan aka raba ɓarnar daidai, kowane yaro zai tashi da lalatattun haƙora 8. Wajen 85 cikin 100, ruɓar ta riga ta ci har cikin jijiya: kogo ya buɗe, dasashi ya kumbura, wasu har da mugunya. Yaro mai irin wannan baki ba ya tauna abinci da kyau, ba ya barci, ba ya jin abin da malami ke faɗa. Ciwon haƙori ya zama ɗaya daga manyan dalilan fashin makaranta. Likitocin haƙorin da ma'aikatar ke da su kuwa, idan aka kwatanta da miliyoyin ɗalibai, ba su wuce cikin cokali ba. Ko da za su kwana suna cike kogo, wanda ke buɗewa a bayansu ya fi wanda suke rufewa.

Wata likitar haƙori Bajamushiya, Bella Monse, wadda ke aiki a cikin ma'aikatar ilimi a arewacin Mindanao, ita da abokan aikinta 'yan ƙasa suka tsaya a kan abu uku kacal: wanke hannu da sabulu kullum, goge baki da makilin mai sinadarin fuloraid kullum, da shan maganin tsutsar ciki sau biyu a shekara. Duk a makaranta, duk a rukuni, duk a hannun malamin aji. Shirin ya yi suna da Fit for School, hukumar raya ƙasashe ta Jamus da yanzu ake kira GIZ ta mara masa baya, kuma a 2009 ma'aikatar ilimi ta fitar da umarni mai lamba 65 da ya mai da shi aikin hukuma. Kuɗin kayan yaro ɗaya na shekara, wato buroshi da makilin da sabulu, ya kama peso 25 a lokacin, kusan rabin dalar Amurka. Camiguin na cikin lardunan da suka fara rungumarsa gaba ɗaya.

Makarantar da na fara shiga tana gefen titi, bayanta gonar kwakwa ce mai hawa tudu. Kafin a fita tara, 'yan aji biyu suka je suka wanke hannu. Da suka gama cin abin da suka zo da shi, ban ji an daka wa kowa tsawa ba, sai na ga sun nufi wani ƙyalle da ke rataye a bangon aji. An ɗinka masa aljifai jere-jere, kowane aljihu da sunan mai shi, kan buroshin na leƙowa waje don ya sha iska. Kowa ya zaro nasa. A bakin ƙofa wata yarinya, ita ce monita a ranar, tana rungume da babbar kwalbar roba mai kan dannawa. Duk wanda ya zo wucewa ya miƙa buroshi, ta danna sau ɗaya, makilin daidai girman ƙwayar wake ya sauka, ba tare da bakin kwalbar ya taɓa buroshin kowa ba.

A waje, ƙarƙashin rumfar kwano da ke jingine da ajin, an kafa dogon bututu daidai ƙugun yaro, an huhhuda shi da ƙananan ramuka, tsakanin rami da rami kamar kamu ɗaya. A ƙarshensa bokiti ne a ɗage. Idan an buɗe, ruwa ya riƙa zubowa siriri ta kowane rami, ya faɗa kwararon siminti, ya gangara cikin furanni. Yaran suka jeru kafaɗa da kafaɗa, kamar masu alwala a masallacin Juma'a. Malamar na tsaye a gefe tana ƙirga musu da harshen Bisaya, su kuma suna bi: na sama, na ƙasa, na gefe, turame. Wani ɗan ƙarami da haƙoransa na gaba suka fita ya dage sai ya goge gurbin, na kusa da shi na zungurarsa da gwiwar hannu. Da minti biyu suka cika, kowa ya tofar, ya ɗauraye buroshinsa a tsiyayar ruwan, ya yarfe, ya shafe baki da bayan hannu. Duk hidimar ba ta kai minti 10 ba.

Ba wanda ya kurkure baki, kuma da gangan ne. Ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zaizaye ɓawon haƙori a hankali. Fuloraid na taimaka wa ɓawon ya mayar da abin da ya rasa, ya kuma ƙara masa juriya, amma sai ya zauna a baki. Wanda ya kurkure da ruwa nan take ya zubar da wani ɓangare na amfanin abin da ya saya. Barin kurkurar ya kuma rage ruwa da lokaci, ya kawar da kofi guda da yara arba'in za su riƙa kafa wa baki.

Na san mai karatu daga Maraɗi na iya jin sunan fuloraid gabansa ya faɗi, kuma da gaskiyarsa. A Tibiri, ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da wannan sinadari fiye da ƙima ya tanƙwara ƙasusuwan ɗaruruwan yara, ya ɓata haƙoran wasu da dama, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000. Amma wancan ruwa ne da aka yi shekara da shekaru ana sha safe da yamma. Wannan kuwa ɗan kaɗan ne da ake gogawa a tofar, shi ya sa ake auna shi da dannawa ɗaya, shi ya sa kuma babba ke tsaye a kan ƙanana. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fuloraid kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan a jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba.

Malamar ta shaida mini cewa da farko abin ya ci mata lokacin darasi, ga rigima a kan layi, ga jiƙa riga. Da aka ɗauki makonni ana yi sai ya zauna, har ya kai yanzu idan ta shagala yaran ke tuna mata. Na duba jadawalin da ke manne a bango, na ga goge baki a rubuce da lokacinsa, tsakanin tara da darasin da ke biye. A ganina rabin nasarar a nan take. Ba likita a wurin, ba nas, ba baƙon da ya zo da motar ofis ya yi jawabi ya raba buroshi ya tafi. An ɗauke aikin daga hannun wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara, an damƙa wa wadda ke nan kullum.

Bututun da rumfar iyayen yara ne suka gina. Tun 2003 ƙasar ke da al'adar da suke kira Brigada Eskwela, aikin gayya na mako guda kafin a koma makaranta, inda iyaye da matasa da 'yan kasuwa ke zuwa da fenti da guduma da tsintsiya. Shugaban barangay, wato ƙaramin yankin mulki da ya fi kusa da unguwa ko ƙauye a wajenmu, sai dai shi zaɓensa ake yi, yakan ba da buhun siminti ko yashi. Shi ya sa ba za ka ga wurin wanki biyu iri ɗaya ba. Wata makarantar an shimfiɗa tayil, wata itacen gora aka tsaga aka yi kwararo, wata kuma jarkoki aka rataya. Na fi son haka da a ce ɗan kwangila ɗaya ne ya zo daga Manila, babban birnin ƙasar, ya kafa abu iri ɗaya a ko'ina. Uban da ya huda bututu da hannunsa ya san yadda zai buɗe ramin idan ya toshe, kuma idan ya wuce ya ga wurin a bushe zai tambaya.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Bututu sau ɗaya ake ginawa, makilin kuwa ƙarewa yake yi, buroshi na baje kai, sabulu na narkewa. Wa zai saya, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa?

A 1991 Filifin ta yi dokar ƙananan hukumomi da ta miƙa harkar lafiya ga gwamnonin larduna da magadan gari, amma ta bar makarantu a hannun gwamnatin tsakiya. Ke nan umarnin Manila na iya sa malama ta fito da yara bakin bututu, amma ba ya iya buɗe lalitar gwamna. Abin da dokar ta tanada shi ne wani asusun ilimi na musamman: duk mai gida ko fili yana biyan ƙarin kashi 1 cikin 100 na ƙimar da aka yi wa kadararsa, kuɗin su shiga wannan asusu. Mai ikon kashe su wani kwamiti ne na makarantun yankin, wanda magajin gari ko gwamna ke jagoranta tare da babban jami'in ilimi, a cikinsa da ma'aji, da wakilin malamai, da shugaban ƙungiyar iyaye, da wakilin matasa. A wannan tebur ake yanke ko yaran aji biyu za su goge baki a zango na uku. Masu shirin sun gane haka da wuri, sai suka riƙa bin gwamnoni ɗaya bayan ɗaya ana sa hannu a kan rabon aiki: ma'aikatar ilimi ta kawo malamai da lokaci, lardi ko gari ya sayi kaya, iyaye su gina wurin wanki, ɓangaren lafiya ya kawo maganin tsutsa. Sayen kaya a dunƙule, makilin a manyan kwalabe maimakon ƙananan kwalaye na kanti, shi ya sauko da farashi zuwa peso 25 ɗin nan. Kuɗi ne da ɗan siyasa zai iya amincewa da su a zama ɗaya, kuma abu ne da kowace uwa ke ganin alamarsa a bakin ɗanta.

Ƙarfin tsarin shi ne kuma rauninsa. Kowace shekara 3 ake zaɓen gwamnoni da magadan gari, don haka kowace shekara 3 ana iya wayar gari da sabon shugaba da ya fi son ginin da za a rubuta sunansa a jiki. Asusun kansa ba daidai yake ba: birni mai otal-otal da masana'antu na tara kuɗi masu kauri, garin manoman kwakwa kuwa abin da yake tarawa ba ya isar gyaran rufi. 

Na ga haka da idona a wata makaranta can cikin tudu, a wani lardin daban. Bututu na nan, fenti bai ko dusashe ba, ƙyallen buroshi na rataye. Amma kwalbar makilin an yanke ta biyu an kwashe na ƙasa da cokali tun makonnin baya, buroshin da ke aljifan kuma sun baje har sun kwanta. Shugabar makarantar ta ce an amince da kuɗin, takardar sayen kaya ce ke yawo daga tebur zuwa tebur. Wasu malaman sun riƙa saye da albashinsu har suka gaji, aka ce kowane yaro ya zo da nasa daga gida. 'Ya'yan masu hali suka zo da shi, sauran suka tsaya daga gefe suna kallo, daga baya abin ya mutu gaba ɗaya. Wannan ya dame ni fiye da a ce ba a taɓa farawa ba, domin yaran sun riga sun koya, sun saba, sannan aka bar su da buroshi busasshe. A rahoton da za a aika sama kuwa, wannan makaranta tana cikin masu wurin wanki.

Ko abin yana aiki? An auna. An bi yaran Camiguin tsawon shekara guda, aka kwatanta su da na birnin Gingoog da ke tsallaken ruwa, aka buga sakamakon a 2013. Tsutsar ciki mai yawa ta ragu, nauyin yara ya ƙaru, amma bambancin da aka gani a haƙori bai kai wanda masu bincike za su kafa hujja da shi ba. Bai ba ni mamaki ba, ruɓar haƙori a hankali take tafiya, shekara guda ta yi kaɗan. Da shirin ya ƙetara zuwa Kambodiya da Indonesiya da Lawos, aka bi yara shekara 2, sai aka ga sabuwar ruɓa a haƙoran dindindin ta yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a makarantun da ke cikin shirin. Ba abin al'ajabi ba ne, kuma ba na son a sayar da shi a matsayin haka. Amma rubu'in ciwo da aka kawar da kuɗin da bai kai na kwalbar lemo biyu ba, ban san wata hanyar da ta fi shi araha ba.

A 2016 ma'aikatar ilimi ta fitar da sabon umarni mai lamba 10, wanda ya haɗa ruwa da banɗaki da tsafta a manufa guda ga dukan makarantu, ya kuma ba shugabannin makarantu damar sayen kayan tsafta daga kuɗin gudanarwa da ake turo musu. Aka kawo tsarin taurari uku: makaranta ta auna kanta kowace shekara, ta ga inda take, ta hau mataki-mataki. A zagayen farko waɗanda suka sami ko tauraro ɗaya ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma na yaba da aka fito da wannan adadi fili. Amma akwai abin da na lura da shi. Sharuɗɗa 5 ne ƙofar samun tauraron farko: ruwan sha mai tsafta, banɗakin maza daban na mata daban, wurin wanke hannu na rukuni da sabulu, wanke hannun a kullum, da audugar mata. Goge baki yana cikin abin da ake dubawa, amma ba ya cikin biyar ɗin. Shugabar makaranta mai kuɗi kaɗan, idan ta tsaya tsakanin sabulu da makilin, ta san wanda zai fito a takardarta. Shirin da haƙori ya haifa sai ga shi haƙorin ne ke neman komawa baya a cikinsa. Korona ta ƙara dagula lamarin, domin an rufe azuzuwa daga Maris 2020 har zuwa 2022, kuma al'adar da ake yi kafaɗa da kafaɗa ita ce ta fi wuyar farfaɗowa.

Sukari kuwa yana jira a bakin ƙofa. An hana sayar da lemon kwalba a kantin cikin makaranta, a 2018 kuma aka ɗora harajin peso 6 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi. Amma masu tireda na nan jere a tsallaken titi da alawa da ƙanƙara mai launi, ikon shugabar makaranta kuma a katanga ya tsaya. Daga nan sai dokar gari ko ta barangay.

Maganin tsutsar ya koya wa masu shirin wani darasin. A ƙarshen 2017 rikici ya ɓarke kan Dengvaxia, rigakafin zazzaɓin dengi da aka yi wa yara sama da dubu 800, yawancinsu a makarantu, bayan kamfanin da ya yi shi ya bayyana cewa yana da haɗari ga wanda bai taɓa kamuwa da cutar ba. A shekarar da ta biyo baya iyaye da yawa suka ƙi sa hannu a ba 'ya'yansu ko ƙwayar tsutsa, wadda ba abin da ya haɗa ta da waccan allura. Mu da muka ga abin da ya faru da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 mun san wannan hanya. Malamai da ma'aikatan lafiya na barangay ne suka bi gida-gida suna lallashi, mutanen da iyaye suka san su, suka san iyayensu.

Akwai kuma abin da buroshi ba ya yi. Yaron da kuncinsa ya riga ya kumbura, makilin ba zai warkar da shi ba, sai an cire ko an cike. A makarantar farko malamar na da littafin da take rubuta sunayen masu kukan haƙori, ta miƙa wa likitan ma'aikata idan ya zagayo, ko ta tura uwa asibitin ƙaramar hukuma. A ta biyun ba a tuna ranar da likita ya zo na ƙarshe ba.

Ruɓar haƙori a wajenmu ba ta kai ta Filifin ba, kuma muna da abin da ba su da shi. Yaronmu na tasowa yana ganin asuwaki a bakin babansa sau biyar a yini, ba sai an gamsar da kowa cewa tsaftar baki abu ne mai daraja ba. Sai dai asuwaki, duk da yana share datti sosai, ba ya ba da fuloraid gwargwadon na makilin, ga alawa da biskit da lemon roba sun cika ƙofar kowace makaranta. Takardu ma muna da su: Najeriya ta fitar da manufar lafiyar makarantu a 2006, ta lafiyar baki a 2012. Akwai kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma, akwai sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wahalarmu ta daban ce: aji mai ɗalibai 100 da malami ɗaya, makarantar da ruwanta a kan 'yan ga-ruwa yake. Bututun da ke ɗaukar yara 15 sai an yi sahu bakwai kafin irin wannan aji ya gama. Don haka da ni ne zan fara da 'yan aji ɗaya da biyu kawai, lokacin da turamen dindindin ke fitowa, in sa 'yan aji shida su tsaya a kan layi, in kuma auna ruwan rijiyar garin kafin komai. Kuma ba zan huda bututu ko ɗaya ba sai shugaban kwamitin makaranta da sakataren ilimi sun je wajen ciyaman da yawan ɗalibai da farashin sari na buroshi da makilin da sabulu, sun ga an rubuta kuɗin shekara cikakkiya a kasafin ƙaramar hukuma, da sunan jami'in da zai kai kayan makaranta a makon farko na kowane zango.